Na ɓoye wa Baba rasuwar Auta, yanzu na rasa inda zan sa kaina

'Yar Mai Bishara ta rubuta:

Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ban saba kawo maganar gida a fili ba, amma wannan ta fi ƙarfin ƙirjina. Lahadi ta sama akwai Jibin Ubangiji a ikilisiyarmu, kuma har yanzu ban san ko in miƙa hannu in karɓa ko in bar faranti ya wuce ni ba.

Mahaifinmu tsohon mai bishara ne, ya shafe sama da shekara talatin yana zagaya ƙauyukan ƙasar Malumfashi a kan keke. Yanzu shekararsa 76. Mama ta riga ta tafi wurin Ubangiji. A watan jiya hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, aka kwantar da shi a asibiti. Kwana huɗu da kwanciyarsa, autanmu ya taso daga Kaduna zai zo duba shi, motar hayar da ya shiga ta yi karo da tirela kafin su kai Zariya. Ko asibiti ba a kai da shi ba. Shekararsa 27.

Likita ya kira ni da Yaya waje, ya ce jinin Baba bai sauka ba tukuna, labari irin wannan yana iya ƙarasa shi. Bai ce mu yi ƙarya ba. Cewa kawai ya yi mu san yadda za mu yi. Aka je ƙauye aka yi jana'iza ba ni, domin ni ce mai jinya. A daidai lokacin da ake saukar da akwatin ƙanena, ina zaune a bakin gado ina ba Baba kunun gyaɗa da cokali, ina share wanda yake zubowa ta gefen bakinsa da haɓar zanena.

Harshensa ya yi nauyi, amma kalma biyu suna fita tas: "Ina Auta?" Ranar farko na ce bai iso ba, na lallashi kaina cewa ai gaskiya na faɗa. Rana ta uku na ce an hana shi hutu a wurin aiki. Da aka yi mako ya fara ɓata rai, yana cewa yaron nan bai kyauta ba, uba yana kwance ko waya. Na kasa jure jin ana zargin wanda yake kabari, sai na ji bakina yana cewa, "Ya bugo kana barci, Baba, yana gaishe ka." Ya yi murmushi da rabin fuskar da take motsi. Yau kwana goma sha tara ke nan, kuma gaisuwar nan na maimaita ta ya fi sau biyar.

Shekaranjiya wani dattijon ikilisiya, abokin Baba tun suna samari, ya zo gaisuwa. Na tare shi a baranda na roƙe shi kada ya fasa ƙwan. Ya dube ni ya ce shi ba zai shiga ba idan shigar za ta sa shi yin ƙarya, ƙarya ba ta da fara ba ta da baƙa, in je in karanta Wahayin Yahaya 21:8 in ga inda aka ajiye maƙaryata. Ya aje lemon da ya kawo, ya juya. Da yamma uwar Zumuntar Mata ta zo, na faɗa mata ina kuka. Ita kuma ta ce in share hawayena, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Allah zuciya yake dubawa, kuma ƙauna ta fi kowace doka. Dukansu biyu mutane ne da na san tsoron Allahnsu, kowanne kuma ya kawo mini aya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Baba da kansa ya koya mini cewa i ɗin Kirista i ne, a'a ɗinsa a'a. Sau ɗaya ya taɓa dukana a rayuwa, ranar da na ci canjin niƙa na ce ya faɗi a hanya.

To, ku da kuka fi ni sani: akwai abin da yake zunubi ne a kowane hali, komai dalilin mutum, kuma ƙarya tana ciki? Ko kuwa hali yana iya sa abin da yake laifi jiya ya zama daidai yau? Kada ku lallashe ni, ku faɗa mini yadda take.

Tsohon Malamin Makarantar Littafi ya amsa:

'Yata, Allah ya ta'azantar da ku, ya ba babanki sauƙi. Kin ce kada a lallashe ki, to zan faɗa miki abin da na koyar shekara da shekaru, ko da yake hannuna yana rawa yau da nake rubuta shi ga mai ɗanyen makoki.

Tambayarki ta girmi kakannin kakanninmu. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya rubuta littafi biyu a kan ƙarya kaɗai, ɗaya wajen shekara ta 395, ɗaya wajen 420. A na biyun ya kawo maganarki kamar yana tsaye a ɗakin da babanki yake kwance. Ga majinyaci rai a hannun Allah, ɗansa ƙaunatacce ya mutu, yana tambayar ko yaron yana da rai. Agustin ya ce amsa uku ce a gabanka: ya mutu, yana da rai, ko ban sani ba. Biyu ƙarya ne, ɗaya ce gaskiya, kuma idan ka yi kwana-kwana majinyacin zai gane. Bai ɓoye ba, ya ce abin yana girgiza shi ƙwarai. Duk da haka bai ba da izini ba. Dalilinsa shi ne ƙarya ba ta tsayawa inda aka aje ta. Yau ka ce yana da rai, gobe majinyacin ya ce ka rantse, sai ka rantse da sunan Allah a kan abin da babu. Ke ma kin gani da idonki. Kin fara da "bai iso ba", kin wuce zuwa hana hutu, yanzu kina isar da gaisuwar mamaci.

Maganar da uwar zumunta ta yi miki, cewa ƙauna ta fi kowace doka, tana da mai ita a zamanin nan. Wani limamin Angilikan na Amurka, Joseph Fletcher, ya fitar da littafi a 1966 yana cewa ƙauna ce kaɗai doka marar canzawa, sauran dokoki shawara ce ta magabata, idan hali ya nuna ƙauna tana wani gefen sai a ajiye su. A kunne tana da daɗi. Amma wa zai yanke hukuncin inda ƙaunar take? Ni da kaina, a cikin tsorona, da son zuciyata. Na zauna a kwamitin dattawa, na ji ma'ajin da ya taɓa kuɗin baiko don biyan kuɗin makarantar marayun ƙanensa. Na ji wanda ya je kotu ya yi takardar rantsuwa ya rage shekara shida don kada a yi masa ritaya iyalinsa su rasa abinci. Babu wanda ya taɓa zuwa gabanmu ya ce mugunta ce ta sa shi. Kowa ƙauna yake kira. Bulus ya riga ya toshe wannan hanya a Romawa 3:8, inda ya ƙi masu cewa mu yi mugunta domin alheri ya fito. Titus 1:2 kuma ya ce Allah ba ya ƙarya, mu kuwa kamanninsa aka kira mu mu ɗauka.

Sai dai abokin babanki ya bar rabin magana a baranda. Ɓoyewa daban, ƙarya daban. Da Sama'ila ya ji tsoron Saul zai kashe shi idan ya je shafa wa Dawuda mai don ya zama sarki, Ubangiji da kansa ya ce ya tafi da karsana ya ce hadaya ya zo yi, kuma hadayar ya yi. Bai faɗi duka ba, bai kuma faɗi abin da babu ba. Agustin ya ba da labarin wani bishop na garinsu Tagaste, mai suna Firmus, da ya ɓoye wani mutum da 'yan aiken sarki suke nema. Ya ce musu ba zai yi ƙarya ba, ba zai kuma ba da mutumin ba. Suka gana masa azaba bai canza ba, a ƙarshe sarki ya yafe wa wanda aka ɓoye. Da dattijon ya shiga ya riƙe hannun abokinsa ya yi masa addu'a ya fito, da bai yi ƙarya ba, da kuma bai bar yarinya ita kaɗai da kaya a ka ba. Wahayi 21:8 kuwa ba a rubuta ta don a jefi mai jinya da ita ba.

Shawarata, kada ki ƙara ko ɗaya a kan waɗanda kika riga kika faɗa. Ki kai su gaban Ubangiji da sunansu na ƙarya, kada ki canza musu suna. Sa'an nan ranar Lahadi ki miƙa hannu ki karɓa, teburin nan don masu tuba aka shimfiɗa shi.

Nas daga Jos ta amsa:

Ƙanwata, sannu da haƙuri. Baba Malam, ina gaisuwa, kuma ka yi mini afuwa, a nan ban bi ka ba.

Shekara 22 ina aikin jinya, kuma duk sa'ad da aka yi wannan muhawara sai in tuna da abokan aikina biyu na cikin Fitowa sura 1, ungozoma Shifra da Fu'a. Fir'auna ya ce su kashe jariran Ibraniyawa maza, suka ƙi. Da ya tuhume su, suka ce matan Ibraniyawa ƙarfi gare su, kafin ungozoma ta iso sun haihu. Aya ta gaba ba ta tsawata musu ba. Cewa ta yi Allah ya yi musu alheri, ya ba su iyali. Na san amsar da ake bayarwa, cewa tsoron Allahnsu aka yaba, ƙaryar kuwa yafe ta aka yi. Haka ake cewa a kan Rahab ma, matar Yariko da ta ɓoye 'yan leƙen asirin Isra'ila. Amma da me Rahab ta ceci 'yan leƙen asirin nan da ta rufe da ƙasheshen rama a kan soro? Da maganar da ta faɗa wa 'yan aiken sarkin Yariko, cewa sun fita. Yakubu 2:25 ya yaba mata har da sallamarsu ta wata hanya. A cire maganar bakinta, mutanen nan gawa ne.

Kuma Littafi ya san abin da mugun labari yake yi wa tsoho. Eli yana da shekara 98 aka faɗa masa kai tsaye, 'ya'yanka biyu sun mutu, an ƙwace akwatin alkawari. Ya faɗo daga kujera, wuyansa ya karye. Ahimawaz ya sheƙo da gudu wurin Dawuda, da sarki ya tambaye shi lafiyar ɗansa Absalom, wanda an riga an kashe, sai ya ce hargitsi ya gani bai san ko na mene ne ba. Matar nan ta Shunem, ɗanta yana kwance matacce a ɗakin Elisha, Gehazi baran Elisha ya tare ta yana tambayar lafiyarta da ta mijinta da ta yaron, ta ce lafiya. Mu da muke amsa "lafiya lau" ko a gidan makoki, mun san irin wannan lafiyar.

Ni ba 'yar ɗakin Fletcher ba ce, ban yarda kowa ya yi abin da zuciyarsa ta raya masa ya kira shi ƙauna ba. Zina ba ta da ranar da za ta zama daidai, musun Almasihu ma haka. Amma Yesu da bakinsa ya ce akwai al'amuran Shari'a da suka fi wasu nauyi, a Matiyu 23:23, ya kuma kare almajiransa da suka tsinki zangarniyar alkama ran Asabar, ranar hutu, da labarin Dawuda da ya ci gurasar da firistoci kaɗai ke ci. Idan dokoki biyu suka yi karo a ƙofa ɗaya, babba ce take wucewa. Rai ya fi. Wanda ya bi babbar ban ga laifinsa ba.

Yanzu bari in yi miki magana ta aiki. Kwana goma sha tara ya yi yawa. Ɗakin marasa lafiya ba ya riƙe asiri. Na ga wata tsohuwa da 'ya'yanta suka ɓoye mata rasuwar mijinta, sai wata mai kawo abinci ta durƙusa ta ce mata "Mama, ya ƙarin haƙuri?" Babu likita kusa, babu ɗanta ko ɗaya. Ki koma wurin likita ki tambaye shi ƙarara ko jinin ya daidaita. Idan ya ce i, ku zaɓi safiya, bayan ya sha maganinsa, yana kwance, nas tana kusa, fasto da babban wanku suna nan. Kada a yi dogon zagaye, zagayen ma yana tayar da jini.

Katikis ya amsa:

Allah ya jiƙan rai, 'yar'uwa. Ni ɗan Katolika ne, zan faɗi yadda muke koyarwa a taƙaice, sai in ƙara abu ɗaya da ban ga an taɓo ba.

A wurinmu ana auna aiki da abu uku: aikin kansa, niyyar mai yi, da halin da aka yi shi. Kyakkyawar niyya ba ta mayar da mugun aiki nagari, amma hali yana rage nauyin laifi, wani lokaci ya rage shi ƙwarai, musamman inda akwai tsoro da matsi. Paparoma Pius na 12 ya yi kashedi a kan ɗabi'ar bin hali, wato koyarwar cewa hali ne yake yanke daidai da kuskure, tun 1952, Paparoma John Paul na 2 kuma ya fitar da doguwar wasiƙa a 1993 yana jaddada cewa akwai ayyukan da mugaye ne a kan kansu. Amma kada ki ɗauka abin ya zo wa malamanmu da sauƙi. Katekizim, littafin koyarwar ikilisiyarmu, da ya fito a 1992 ya bayyana ƙarya da cewa ɓatar da wanda yake da hakkin sanin gaskiya ne. Da aka fitar da tabbataccen bugu a 1997 sai aka cire zancen hakkin daga wannan wurin. An dai bar shi a wani sashe, inda aka ce ba dole ba ne a bayyana gaskiya ga wanda ba shi da hakkin saninta.

A nan nake so Anti Nas ta duba. Fir'auna ba shi da hakki a kan jariran nan, sarkin Yariko ma neman kisa yake. Su maƙiya ne. Baba kuwa uban yaron ne. Duk duniya babu wanda ya fi shi hakkin wannan labari, har ke da kike riƙe da shi. Jinkirta masa don jikinsa ya yi ƙwari hikima ce. Amma labarin nasa ne, ajiya aka ba ki, kuma kowace rana da ta wuce yana fushi da yaron da ya kamata ya yi wa kuka.

'Yar Mai Bishara ta sake rubutawa:

Na gode muku duka. Na yi shiru kwana tara, ga abin da ya faru.

Maganar Katikis ce ta hana ni barci, cewa Baba yana fushi da wanda ya kamata ya yi wa kuka. Washegari na sami likita kamar yadda Anti ta ce. Ya duba kati ya ce mu ƙara kwana uku. A cikin kwana ukun ban ƙara isar da gaisuwa ba. Idan ya ce ina Auta, sai in ce Yaya yana zuwa ran Alhamis, za ku yi magana. Ya dinga bina da ido.

Ran Alhamis da safe Yaya ya zo da fasto, da dattijon nan da ya juya a baranda. Ni na je har gida na roƙe shi, ya kuwa zo. Shi ya riƙe hannun Baba na dama, ya kira shi da sunan da suke kiran juna tun suna samari, ya faɗa masa cikin jimla biyu. Baba bai yi ihu ba. Ya rufe ido, hawaye yana gangarowa cikin kunnensa. Can ya tambayi ranar, aka faɗa. Ya ƙirga da yatsunsa a kan bargo. Ya tambayi inda aka sa shi, aka ce kusa da Mama. Ya tambayi waƙar da aka rera. Jinin ya hau a ranar, nas ta yi ta zirga-zirga, zuwa dare ya sauka.

Bayan kowa ya fita sai ya juyo gare ni, ya ce, "Gaisuwar fa? Ita ma babu?" Na durƙusa a gaban gadon na ce babu, Baba, ni na ƙirƙira, ka yafe mini. Ya daɗe bai ce komai ba. Sa'an nan ya ɗora hannu a kaina ya ce ya yafe, Allah ya yi mini albarka da jinyar da nake yi.

Ga inda na tsaya, ko da ba zai gamsar da kowa ba. Shirun makon farko, da za a mayar da ni baya, zan sake yinsa, kuma ban ji lamirina yana kayar da ni a kansa ba. A nan ina tare da Anti. Amma gaisuwar nan ba ta ceci ran kowa ba. Ni ce na kasa jure ganin ɓacin ransa, na sa magana a bakin ƙanena da yake kabari, na ba tsoho abin da ya riƙe yana jin daɗi, sa'an nan na ƙwace. Ita na kai gaban Ubangiji da sunan da Baba Malam ya ce in kira ta. Ran Lahadi na karɓi jibi.

An sallame mu shekaranjiya, muna gidan Yaya. Baba ya ce da zarar ya iya zama a mota a kai shi ƙauye ya ga wurin. Safe da yamma nake auna masa jini da ƙaramar na'urar da muka saya. Da can in na ce ya sauka, sai ya gyaɗa kai ya koma barci. Yanzu sai ya ce in miƙo masa tabarau, in juyo masa fuskar na'urar, ya karanta lambar da kansa.